Ɗan Farina da Kiran Yukren

A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya kuma yaba masa a gaban jama'a. Haka mahaifina ya yi mini, kuma ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Duk abin da nake nema a wurinsa, ƙanensa nake samu in gaya wa, shi ya kai, shi ya dawo mini da amsa. Da Allah ya ba ni nawa ɗan farin, sai na bi turbar da na gada. Ƙanena, wanda 'ya'yana suke kira Baffa, ya zama bakina, ya zama kunnena a kan yaron. Shi ya zo mini da maganar tamaula sau uku ina korarsa, a karo na huɗu na ce ya je ya yi abin da ya ga ya dace. Ta wannan hanya ɗana ya bar Kano, ya yi shekara tara yana buga ƙwallo a ƙasar Yukren, a ƙananan kulob-kulob da ban iya faɗin sunayensu ba.

Baffa ya rasu kafin yaƙi ya ɓarke a can. Da yaƙin ya taso, ɗana ya fito da jaka ɗaya, ya yi 'yan watanni a gida, sannan ya nufi Malesiya inda ƙanwarsa take aure. Ya gwada sa'arsa a kulob biyu ko uku, kowanne ya dubi shekarunsa, ya dubi tabon aikin da aka yi masa a gwiwa, ya sallame shi da fara'a. Daga nan ya koma koya wa 'ya'yan mutane ƙwallo a wani fili mai rufi a unguwar Sri Petaling.

Ni kuwa yanar ido ce ta kai ni Kuala Lumpur. 'Yata, wadda muke kira Auta, ta dage sai an yi mini aikin a can. Na sauka a gidansu a Setapak, hawa na goma sha huɗu, inda mijinta yake karatun digiri na uku da kuɗin gwamnati. Ɗana yakan zo ranar Juma'a da Lahadi. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, in amsa ina duban bango. Daga nan ya wuce kicin, in ji shi da ƙanwarsa suna ta dariya.

Wata Lahadi a ƙarshen shekara, bayan la'asar, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya zo da wayarsa ya haɗa da talabijin. Ashe a can Yukren an yi bikin da ake yi kowace shekara na fitar da gwarazan 'yan ƙwallonsu. Ina zaune a falo da murfin roba a ido ɗaya, domin likita ya hana ni fita. Bisa ƙa'ida ya kamata in tashi in ba su wuri. Ban tashi ba. Na riƙe carbi na juya musu gefe, kunnena kuwa yana wurinsu.

Yana fassara wa mijin Auta abin da ake faɗa. Aka kira wani dogon mutum mai faɗin kafaɗa, aka ba shi kyautar gwarzon mai tsaron baya.

Ɗana ya ce, "Wannan ɗakinmu ɗaya shekara biyu. Lokacin ko gemu bai fito masa ba. Ni na koya masa yadda ake tare ɗan gaba ba tare da an kwanta ƙasa ba."

Auta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Yaya, wannan mai kai kamar tulu ne kullum kake cewa ka fi shi gudu?"

"Na fi shi mana. Shi da kansa ya faɗa."

"To ga shi shi ya gudu ya kai kan dandamali, kai ka gudu ka kai kicin ɗina."

Ya kwaikwayi salon maganar 'yan Malesiya ya ce, "Ke dai zuba mini abinci, lah. Bakinki ya fi barkonon miyarki zafi."

Suka yi dariya su uku. Ya ci gaba da ba da labarin waɗanda ake kira ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗan mai haƙar kwal ne, garinsu yanzu babu shi. Wancan ya tafi Turai ta yamma ya yi arziki, ya dawo. Wannan kuwa ya karye sau biyu, kowa ya fid da rai da shi, ga shi yau da kyauta a hannu. Ya san inda kowannensu ya fara da inda ya yi tuntuɓe, kamar yadda na san ɗalibaina na zamanin da nake koyarwa.

Can sai aka rage fitilun zauren, aka fara nuna hotunan 'yan ƙwallon da suka ajiye takalmi suka tafi fagen daga ba su dawo ba. Mutanen zauren suka miƙe tsaye. Da aka nuna wani mai jan gashi, ɗana ya ce, "Golanmu ne. Da azumi shi yake ɓoye mini burodi da dafaffen ƙwai a aljihun rigarsa, saboda ana rufe ɗakin abinci kafin a sha ruwa." Daga nan bai ƙara fassara komai ba. Aka bar talabijin yana magana da harshen da shi kaɗai yake ji a cikinmu.

Bayan ya tafi, na idar da magariba, Auta ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado. Ita ba ta jin nauyina, domin auta ce, a cinyata ta girma.

Ta ce, "Baba, saƙo aka ba ni. Wani kulob a yammacin Yukren ya rubuto wa Yaya. Wannan mai kan tulun ne ya yi masa hanya. Suna so ya buga musu rabin kakar wasa, daga nan ya zama mai horar da matasansu. Sun ce ya ba su amsa kafin su shiga sansanin atisaye, kwana goma ke nan. Ya ce ba zai taka ko'ina ba sai da izininka."

Na ce, "Shi ya aiko ki?"

"Mijina ya fara roƙa. Shi kuma ya ce ina shi ina tunkarar surukinsa da magana irin wannan. Sai abin ya faɗo kaina."

"A ƙasar da ake ruwan wuta?"

"Ya ce ana buga wasa. In jiniya ta yi kuka a tsaya, kowa ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, in ta lafa a fito a ci gaba. Baba, shekararsa talatin da uku. Babu wanda zai sake kiransa bayan wannan."

Sai na ce mata abin da har yau nake jin ɗacinsa a harshena. Na ce maganar babban ɗa ba ta zuwa ta bakin ƙanwarsa, domin wannan zubar masa da girma ne, kuma zubar mini da nawa ne. Na ce a nemi babba ya kawo ta yadda aka saba.

Ta dube ni ta ce, "Wane babba, Baba? A duk Setapak kai ne babba. Wanda yake bi maka limamin ɗalibai ne, shi ma sa'an Yaya ne."

"Yana da kawu a gida."

"Kawu yana ƙauye! Yaya yana nan, tafiyar jirgin ƙasa ce ta awa ɗaya. Sai magana ta je Najeriya ta dawo?"

Na ce haka za a yi. Ta tashi ta fita ba ta ce mini sai da safe ba.

Wajibi ne in faɗi gaskiya a nan, tun da na ɗauki alƙalami. Al'adar ta gaske ce, ban ƙirƙire ta a ranar ba. Amma na fake da ita. Hoton mai jan gashin nan bai bar zuciyata ba. Idan na ce ya tafi, wani abu ya same shi, da bakina na tura shi. Idan na ce kada ya tafi, da bakina na binne abin da ya ba rayuwarsa. A da, Baffa ne yake ɗaukar rabin wannan nauyi. Yakan zauna ya yi ta jayayya da ni har in gano abin da nake so da kaina. Yanzu babu shi, ni kuwa ban iya yanke hukunci a kan yaron nan ni kaɗai ba, kuma girman kai ya hana ni faɗin haka.

Aka shiga neman kawu, wan mahaifiyarsu. Wayarsa a kashe kwana uku, domin babu wuta a ƙauyen. Da aka same shi, ya ce yana zaman makoki, a dakata a yi sadakar uku. Bayan nan ya kira ɗana ya saurare shi, ya ce zai yi istihara kafin ya kira ni. Duk wannan ina ji daga bakin Auta, wadda take ajiye mini abinci ta faɗi labarin tana kallon taga. Ranar Juma'a ɗana ya zo, ya durƙusa, ya gaishe ni, na amsa. Ya ɗan jima a durƙushe fiye da yadda ya saba. Na san abin da yake jira. Taku huɗu ne tsakaninmu. Na ci gaba da jan carbi har ya tashi.

Kawu ya kira ni a rana ta goma sha ɗaya. Bayan doguwar gaisuwa da jajen ido, ya ce shi dai a ganinsa a bar yaro ya bi rabonsa, ajali ba ya sauka sai a inda aka rubuta, amma magana tawa ce. Ina ajiye wayar na ji zuciyata ta natsu a kan abin da ya faɗa, kuma na gane cewa tun daren farko nan ta karkata.

Ban aika kowa ba. Na sa babbar riga da hula, na fita ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba a garin. Wani ɗalibi ɗan Filato da na gamu da shi a tasha ya saya mini tikiti, ya nuna mini inda zan sauya jirgi a tsakiyar gari. Na isa Sri Petaling ana kiran la'asar, na yi ta nuna wa mutane takardar da na rubuta sunan wurin har aka kai ni.

Filin yana bayan wasu shaguna, an kewaye shi da raga. Na tsaya daga waje. Ranar na fara ganin ɗana da ƙwallo a ƙafa ido da ido. Aka bugo masa ita daga sama, ya tare ta da ƙirji, ta gangaro ta kwanta a kan takalminsa kamar an ajiye ta da hannu. Na lura yana ɗan tausaya wa ƙafar hagu idan zai juya.

Da ya hango ni, ya busa usur ya sallami ɗalibansa su sha ruwa, ya fito da sauri ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Baba, lafiya? Wa ya kawo ka?"

Na dubi raga, na dubi ƙasa, daga ƙarshe na dube shi. Na ce, "Na zo ne a kan maganar tafiyarka. Na yarda. Ka tafi, Allah ya tsare, Allah ya yi maka albarka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Amin, Baba. Na gode." Sannan ya ce, "Sun ɗauki wani yau da safe. Sun ƙara mini kwana ɗaya don abokina ya roƙa, to ba su iya wuce nan ba."

"Ba ka gaya musu kana jiran amsa ba?"

"Na gaya musu. Mai horar da kulob ɗin ya tambaye ni ko mahaifina yana wani wuri ne da waya ba ta kaiwa. Na ce masa a'a, gari ɗaya muke."

Na ce ya sake kiransu, ya ce musu laifin tsoho ne. Na ce in ana so ni da kaina zan yi magana, ya fassara. Ya girgiza kai a hankali, ya ce an riga an sa hannu, kuma gurbin ɗan wasa baƙo ɗaya ne.

"Ba komai, Baba," in ji shi. "Ba rabona ba ne."

Da ya ɗaga murya, da ya ce na cuce shi, da na sami abin riƙewa. Bai yi ba. Ni na tarbiyyantar da shi, ni na san ba zai yi ba. Ya nemi izini ya ƙarasa aikinsa, domin iyayen yaran sun biya kuɗin awa guda. Ya kawo mini kujerar roba, na zauna a bakin raga har ya gama. Daga nan ya raka ni tasha yana tafe a bayana da taku biyu, ya shiga jirgin tare da ni har Setapak, ya tsaya a tsaye duk da akwai gurbi kusa da ni.

Bayan mako uku na dawo Kano. Filin nan an sayar da shi daga baya, za a yi gini a wurin. Auta ta ce yanzu yana aiki a wani shagon daskararrun kaji a kasuwar Chow Kit, yana sauke kwalaye daga mota, gwiwar kuma tana kumbura idan ya wuni a tsaye. Yakan kira ni ranar Juma'a kai tsaye, ba ta hannun kowa ba. Mu gaisa, ya tambayi idona, in tambayi aiki, ya ce an gode Allah. Sau biyu na buɗe baki zan ɗauko maganar, sau biyu ya riga ni da cewa ana kiransa a shago.