Aron Hannu

Shekarar da hawan jini ya kayar da ni a bakin hawashata, wato gonata ta noman auduga da dawa, 'yarmu ta fari, wadda ke aikin jinya a Saudiyya, ta aiko mini da wata na'ura ta hannun wani mai dawowa Hasahisa, babban garin yankinmu. Girmanta bai fi butar alwala ba. Tana da fuskar gilashi mai idanu biyu, tana magana da Larabci, ga kuma ɗamara da ake ɗaurawa a damtse. Da safe ta ce, "Ya Hajj, lokacin magani." Bayan la'asar ta ce in miƙo hannu. Abin da ta auna kuwa, kafin in kwance ɗamarar ya isa wayar yarinyar.

Na raɗa mata Mufattish, sunan da muke kiran mai zagayen duba gonakin auduga a da. Ni kuwa tun ina saurayi na san yadda ake yi da mufattish. Ka nome layi uku na bakin hanya tas, can ciki ciyawa ta kai gwiwa.

Sati bai cika ba Mufattish ya kai ƙarata. Yarinyar ta bugo ta hana ni gishiri, ta hana ni tsiren agashe, ta hana ni jabana, ni da ba na iya buɗe ido sai na ji ƙamshin gahawa da citta. Matata ta koma ɗora tukunya biyu. Miyata, in ka rufe ido, sai ka ce ruwan tur'a, magudanar ban ruwan gona, ka ɗebo.

Wata la'asar na same ta tana tsinar kuɓewa.

"Hajiya, ara mini hannunki."

"Naka biyun mi ya same su?"

"Nawa tsegumi gare su."

Ta dube ni, ta dubi Mufattish. "Furfura har gemu, Alhaji, ba ka bar maguɗi ba."

"Tukunya ɗaya za ki riƙa ɗorawa."

Ta daɗe tana kallon murhu, sannan ta janye mayafi daga kafaɗa. Na zaunar da ita a bayansa inda idanun ba su kai ba, na ɗaura mata ɗamarar, ni kuma na zauna gabansa na haɗe rai irin na mara lafiya mai biyayya.

Abin ya yi kyau fiye da zatona. "Masha Allah, Baba, ka koma saurayi," in ji yarinyar, har ta yarje mini finjali ɗaya. Ni uku nake sha. Na ba abokaina labari a inuwar masallaci, suka yi ta dariya, na dawo gida ina jin kaina gwani.

Bayan an yanke dawa sai lissafin ya fara hawa. Mufattish ya ce, "Ya Hajj, jininka ya hau, ka kwanta ka huta." Kuma wallahi na kwanta. Na miƙe a gadon igiya ƙarƙashin dalbejiya ina hutawa, mai jinin kuwa ta koma cikin hayaƙi tana zuba kisra, wainarmu ta dawa mai faɗi marar kauri. Duk abin da na yi a rayuwata, wannan kwanciyar ce ta fi tsaya mini a rai.

Yarinyar ta bugo hankalinta a tashe. Na ce suna na je, miyarsu gishiri ya yi yawa. Hajiya ta fara ɗaure kai da kallabi tamau, tana cewa rana ce. Sau ɗaya na ce ko mu faɗa wa yarinyar gaskiya.

"Ni in kai kukan jikina gun 'yar fari?" in ji ta. "Tun da na haife ta ka taɓa jin sunanta a bakina?"

Haka muka taso, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta sakin jiki da shi. Na san da haka, sai na laɓe a bayan kunyarta. Gaskiyar ita ce ina tsoron 'yata ta kama ni da ƙarya, ina kuma jin tausayin jabanata. Sati uku na yi shiru.

Wata safiya ƙwaryar ƙullu ta suɓuce mata. Ta zauna a ƙasa ta ce kasko biyu take gani. Na ɗauko Mufattish na ɗaura mata, fuskarsa ta koma ja, waya ta yi ƙara nan take.

"Baba, ka tashi a kai ka asibiti yanzu."

"Hannun ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

"Na Innarki."

Ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun dawa ba ta fid da kai ba."

"Ba ni ita."

Hajiya ta kawar da kai. Na manna mata wayar a kunne na riƙe. Ta kalli bango ta ce, "A faɗa mata kaina ke sarawa, hannun kuma ya yi nauyi."

"An faɗa mata," in ji yarinyar. "A ce wa Inna ta shiga mota."

Maƙwabcinmu ya kai mu Hasahisa. Kwana shida ta yi. Likita ya ce abin ya daɗe yana taruwa, ya tambayi ko ba mu da abin awo a gida. Na dubi takalmina.

Wata guda yarinyar ba ta gaishe ni ba, iyakaci in ɗaga ta ce a ba Inna. Yatsu biyu na hagun Hajiya har yau ba su riƙe abu, don haka ni na koyi zuba kisra da tsufana. Tana zaune gefe tana kallo. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai in maƙwabta sun shigo ta ɗaga guda cikin kisrar da na zuba ta ce wanda takalminsa ya huje ya zo ya ɗauka ya yi faci.