Tarkon Sale Bai Taɓa Kama Kare Ba

Duk wanda ya san Sale Mai-gafiya ya san guntun karan nan da yake sokewa a gefen hularsa. Baƙo zai zaci na sakace ne. Mu kuwa mun san na awon hancin karnuka ne. In ya haɗu da kare a hanya, ko na waye, ko da gidan rasuwa za shi, sai ya tsuguna ya lallaɓe shi, ya gitta masa karan a kan hanci, ya sa farce ya yi alama. Karnukan ƙauyenmu, can gefen Kwandiko, har sun saba, da sun hango shi suke miƙo baki. Na baƙi ne ba su san zancen ba, kuma sun cije shi ba adadi.

Ni taubashinsa ne, babarsa ƙanwar babana ce, saboda haka ina da lasin in faɗi abin da na ga dama a kansa, a raye ko a mace. Sana'arsa kun sani, kamun gafiya ne. In gafiya ta addabi rumbun mutum ko ta shiga gonar gyaɗa, Sale ake aika wa. Sai dai shi ba ya taɓa tarkon ƙarfen nan mai haƙora da ake sayarwa a kasuwa, wanda ba ruwansa da ƙafar waye, ta gafiya ko ta kare ko ta ɗan akuya. Nasa guntun bututu ne, ya binne shi a bakin rami, ya sa zargen wayar birkin keke a ciki, abincin tarkon yana can ƙurya. Gafiya za ta cusa kai ta shiga, kare kuwa hancinsa ba zai wuce ba. Abin da ya sa yake yawon awo ke nan, yana neman kare mafi tsinin baki a ƙasar Gwaram don ya matse bututunsa daidai da shi.

A kan wannan ya gina alfaharinsa gaba ɗaya. A majalisa, a wurin suna, a cikin motata in na ɗauko shi daga Birnin Kudu, maganar ɗaya ce: tarkonsa bai taɓa kama kare ba. Sale bai tara dukiya ba, bai je Makka ba, 'ya'yan da suka haifa ba su yi rai ba. Wannan maganar ita ce kaɗai abin da ya mallaka, kuma yana tsaronta fiye da yadda wasu suke tsaron shanunsu. Ni kuwa aikina tsokana, kullum ina ce masa ranar tana nan tafe, kuma ni zan yi shelarta.

Wata rana liman ya ja shi gefe bayan La'asar, ya yi masa nasiha mai kyau a kan yawan shafa karnuka sannan a zo a shiga sahu. Sale ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, yana ta "na'am, Allah gafarta Malam, haka ne." Liman ya ji daɗi, ya gyara tsayuwa zai ƙara bayani. Sai ga wani jan kare na 'yan farauta ya gitta ta bayan masallaci. Idon Sale ya bi shi. Ya yi haƙuri iya haƙurinsa, can ya miƙe yana zare karan daga hula.

"Allah gafarta Malam, riƙe mini maganar nan a daidai inda ka tsaya. Wannan baƙo ne, ban taɓa auna shi ba."

Liman ya tsaya riƙe da carbi yana kallon ƙurarsa, kuma bai sake tayar da zancen ba har ya bar limanci.

Shi kansa yana da kare, sunansa Kansila. Ba ɗaya ba ne, duk karen da ya ajiye Kansila ne, in wannan ya mutu a naɗa wani. Ya ce ya zaɓi sunan ne saboda ba a ganinsa sai an sauke tukunya. Kansila shi ne alƙalin tarko, ba bututun da zai shiga ƙasa sai ya amince.

Na taɓa raka su wurin Isa mai walda a Gwaram, wanda yake yanka masa bututun daga tsohuwar salansar babur. Tsarin shi ne Isa ya yanka, Sale ya tura ƙashi ciki ya ajiye a ƙasa, Kansila ya gwada. In hanci ya shiga, bututun ya yi faɗi. In harshe ya taɓo ƙashin, ya yi gajarta. Ranar tun hantsi ake yanka ana zubarwa, masu gyaran ƙofa da garma suna jere a benci suna tsaki. Da Sale ya zaga yin alwalar Azahar, Isa ya aika aka sayo ƙosai cikin leda ya juye wa Kansila. Sale ya dawo aka ajiye sabon bututu, Kansila ya dube shi ya yi hamma ya kwanta. Isa ya tafa hannu ya ce to alhamdu lillahi, wannan ya ci jarrabawa. Sale ya tsuguna ya latsa cikin karen, ya shinshina bakinsa.

"Isa, ka saye shi," ya ce. Sannan ya juya ya dubi karen da takaici. "Laifina ne. Tun ranar da na sa maka sunan nan na san za a yi haka."

Aka ɗage zama sai washegari, kuma a daren ranar Kansila bai ga tuwo ba.

Zaɓen abincin tarko kuwa ya fi wannan wahala. Ƙa'idar Sale ita ce duk abin da kare zai ci bai dace da tarko ba, don ƙamshinsa zai jawo shi ya yi ta tono. Kifi da nama da ƙuliƙuli ba ma a maganarsu. Matsalar ita ce Kansilan wancan zamanin ba abin da ba ya ci. An ba shi gyaɗa ya tauna, an ba shi ɗanyen rogo ya cinye, goriba ma sai da ya gwagwiye ta tas. Sale ya rame a kan wannan bincike. Matarsa Talatu, wadda Allah ya ba haƙurin da ba a ba kowa ba a garin nan, ta zuba ido ana kwashe mata kayan ɗaki ana kai wa kare.

Wata ranar damina itace ya jiƙe, tuwon Talatu ya yi gudaji ya kuma kama hayaƙi. Sale ya gutsura ya jefa wa Kansila kamar yadda ya saba. Kansila ya shinshina, ya ja da baya, ya koma gindin turmi ya kwanta. Maimakon Sale ya rufa wa matarsa asiri, sai fuskarsa ta washe, ya leƙa madafa da malmalar a hannu.

"Talatu, an dace. Yadda kika yi na yau, haka za ki riƙa yi mini kullum."

Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa. Abin haushin kuma, ya ɗana tarkon da tuwon, gafiya ma ta ƙi. A ƙarshe a kan aduwa ya tsaya, ita ce Kansila ya lasa ya tofar, gafiya kuwa tana son ta kwasa ta kai rami.

Haka aka yi ta tafiya har muka tsufa, ni na ajiye tuƙi, shi bai ajiye tarko ba. A kakar bara ciwon ƙirji ya kayar da shi. Aka kwantar da shi a asibiti a Birnin Kudu, daga baya likita ya ce a mai da shi gida, kuma duk mun gane abin da hakan yake nufi. Ranar da aka dawo da shi ya kira ni, ya ce akwai tarkunan da ya ɗana a gonar gyaɗa ta bakin fadama kafin ya kwanta, in je in kwance su, kada wata dabba ta yi ta wahala ba mai dubawa.

Na je da safe. Tun daga nesa na ji kukan. Wani siririn farin kare ne, na Buba makiyayi da yake zaune a rugar bayan fadama, ƙafarsa ta gaba tana cikin bututu, waya ta shaƙe ta har ta kumbura. Da ƙyar na rufa masa buhu a kai na kwance shi. Da na zazzage bututun sai ga aduwar a ƙunshe cikin takarda mai maiƙo. Sale ba ya yar da komai, takardar tsiren da wani ya kawo masa ce ya adana, ido kuma ya yi rauni, ya tura aduwar da ita gaba ɗaya. Ƙamshin ne ya sa karen ya zura ƙafa yana tono.

Shekara da shekaru ina cika bakin ni zan yi shelar wannan rana, ga ta ta zo, ban ji komai ba sai ɗaci. Na fara gaya wa Talatu a tsakar gida. Ta roƙe ni don Allah in yi shiru, ta ce mutumin nan ba shi da komai sai wannan, a bar shi ya tafi da abinsa. Na yarda. Amma ina shiga ɗakin ya dube ni ya tambayi abin da na tarar, da na fara kame-kame ya ce in bar wasa, ya san fuskata tun muna yawo ba wando. Sai na gaya masa.

Ya juya ya fuskanci bango. Can ya ce a kira masa Buba, kuma a fitar da shi zaure a kan tabarma, a kira 'yan majalisa. Na ce wace irin fitina ce wannan, abin da ba wanda ya sani. Ya ce a gabansu ya yi ta faɗa, a gabansu zai janye.

Da yamma zaure ya cika. Sale yana jingine da bango, muryarsa ba ta fita sosai, ya gaya musu cewa tarkonsa ya kama kare, kuma sakacinsa ne, duk wanda ya taɓa jin ya ce ba a taɓa yi ba to yanzu an yi. Sannan ya nemi Buba ya yafe masa. Buba ya rasa inda zai sa kansa don kunya, tun da yake a duniya ba a taɓa ba shi haƙuri a kan kare ba. Ya ce ba komai wallahi, ya yafe duniya da lahira, dama karen ɓarawo ne.

"Na gode," in ji Sale. "Amma kai ka yafe, ƙafar ba taka ba ce."

Dole aka koma ruga aka zo da karen, yana ɗingishi, an ɗaure masa ƙafar da tsumma. Sale ya sa aka miƙo masa kwanon romon da Talatu ta dafa masa, wanda ya kasa sha tun safe. Ya tsamo tsokar da ke ciki, ya miƙa. Karen ya yi jim, ya matso da ƙafa uku, ya karɓa a hankali, sannan ya lashi yatsunsa. Kowane kare a duniya haka zai yi in an ba shi nama, kuma a da ni ne zan fara faɗin haka. Sale ya rufe ido ya ce, "To, ya karɓa," ya ce a mai da shi ɗaki.

Bai ƙara sati ba. Karen Buba ya warke, yana nan yana satarsa.

Ya Allah, ga Sale nan ya zo gare Ka. Bawanka ne da ya ƙi ya tafi da haƙƙin kare a wuyansa. Ka sauke masa duk wani haƙƙi da ya manta, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka ba Talatu haƙurin rashinsa, ni ma Ka ba ni. Amin.