Zoben Wuta da Zoben Ruwa

Shekara ashirin da biyu rumfata ta facin taya tana jingine da ta Shu'aibu makanike a bakin kasuwar Matankari, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Da gyaran injin ban-ruwa ya fara a lambunan fadama, kafin babura su cika gari ya koma kansu. Bai saki aikin farko ba, shi ya sa kullum akwai gwangwani biyu a gabansa cike da zobban roba.

A cikin injin baburan nan masu ɗaukar buhu uku akwai 'yan sandunan ƙarfe biyu da ke hawa da sauka cikin bututu suna tura bawul. Baƙin mai na bi ta wurin, kuma abin da ke hana shi tsiyayewa zoben roba ne da bai fi na yatsa ba. Zobe mai ruwan ƙasa shi ke jure zafi da mai, Shu'aibu na ce masa zoben wuta. Baƙin kuwa na injin ban-ruwa ne, zoben ruwa. Girmansu ɗaya, a hannu ma ba ka rarrabe su. Amma sa na ruwa cikin mai mai zafi ka gani, sati uku ya kumbura ya saki kamar tuwon da ya kwana a miya.

A kan wannan ya yi suna. Wasu makanikai sai su yanko tsohon tub na taya su cusa, shi kuwa ya bi su da gori har masallaci. Mutanen ƙauye na ƙetare garaji biyar su zo wurinsa, ya zage su tas a kan ba sa duba mai, su yi dariya su dawo.

Bara na fara lura idonsa na tafiya. Ba ya gaida mutum sai ya ji muryarsa. Sifana da lalube yake ɗauka, ya yi kamar yana tunani. Bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Baki tara ke ci daga rumfar nan, kuma wa zai kai babur wurin makaho? Ni ma na gani na kama bakina.

Ranar ruwan farko iska ta kife teburinsa, zobban suka watse suka cakuɗe cikin yashi. Ya tsugunna yana tsince su, yana ɗaga kowane ɗaya saitin rana har yana taɓa hancinsa.

Na ce, "Shu'aibu, kawo in taya ka."

Ya ce, "Kai da ba ka san komi ba sai hwaci? Koma bisa tayarka."

Na koma. Da idona na ga baƙi ɗaya ya faɗa gwangwanin wuta, na ga na biyu. Na ce a raina in ya tafi salla zan gyara masa a ɓoye, don kada in kunyata shi. Aiki ya zo, na manta. Wannan shirun nawa har yau yana cina.

Bayan kwana biyu Munkaila ya kawo babur ɗinsa. Manomi ne daga wani ƙauye bayan Lugu, babur ɗinsa kaɗai ne a garinsu: shi ne na kasuwa, shi ne na kai mara lafiya. Shu'aibu ya sauke kan injin, ya sa masa sabon zobe, ya ce, "Tahi, wanga sai ka gaji da shi."

Sati uku da 'yan kwanaki, ana tsakiyar noma, maciji ya sari Rabo, wan Munkaila, a gona da hantsi. Aka ɗaure shi da rawani a bayan Munkaila a kan babur, aka nufi asibitin Dogon Dutsi ta Matankari. Mai ya jima yana ɗiga, yashi yana shanyewa ba wanda ya lura. Ba su ci rabin hanyar Matankari ba injin ya yi ƙara ya kame. Kafin a samo amalanke rana ta karkata. Rabo ya cika a kan amalanken, ana hango rumfunan kasuwa.

Bayan sadakar uku Munkaila ya kawo babur ɗin a kan amalanken nan. Bai zo da faɗa ba. Cewa ya yi, "Baba, kwananshi ne ya ƙare. Duba mini ko shina gyaruwa." Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

Shu'aibu ya tsugunna gaban babur ɗin. Ya kwance kan injin, ya zura yatsa ya zaro zoben, ya ɗan murza shi, ya dame masa a hannu. Ya miƙo mini tafinsa.

"Is'haƙa, wane launi na?"

Munkaila na tsaye. Da na ce ruwan ƙasa, da maganar ta mutu a nan, a ɗora wa kamfani laifi. Shu'aibu kansa ya san amsar tun da ya murza.

Na ce, "Baƙi na."

Ya juya wajen da yake jin numfashin Munkaila, ya kuskure shi da kamu guda. "Ɗana, ni nis sa maka na ruwa. Ba ni gani. Shekara guda ke nan ba ni gani." Munkaila ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Shu'aibu ya goge hannu a riga, bai tattara ko sifana ɗaya ba. Ranar kasuwa ce, azahar, gari cike da mutanen da suka san shi. Ya miƙe ya lalubo kafaɗata.

"Wuce gaba, ka kai ni gida. Kuma ka bi ta tsakiyar kasuwa, kowa shi gani."