Wayar da na kunna ranar Asabar

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin da kofin shayi ya karkace a hannun Bubbe ba. Ina tsaye ina gyara mata filo sai na ga shayin yana zuba a cinyarta, ita kuwa ko motsi ba ta yi ba. Na ce, "Bubbe?" Ta ɗago ta dube ni, gefen bakinta ɗaya ya zazzago, magana ta ƙi fita.

Bari in yi wa sababbin cikinmu, masu aikin kula da tsofaffi a gida, bayani. Bubbe tsohuwa ce Bayahudiya da nake kula da ita a unguwar Stamford Hill, sunan da jikokinta ke kiranta ke nan, wato kaka. Mutanen gidan masu riƙo da addini ne sosai. Daga faɗuwar rana ta Juma'a har duhun Asabar ba sa kunna wuta, ba sa girki, ba sa tuƙi, ba sa taɓa waya. Shayin ma daga wani tulun lantarki ake zubawa, wanda ake bari a kunne tun Juma'a.

Wadda ta tura ni gidan ita ce shugabar shift ɗinmu, wato mai raba mana lokutan aiki, Anti Rabi, 'yar Kaduna. Bayanin da ta yi min bai wuce na tsaye a bakin ofis ba. Ta ce, "Hauwa, ranar Asabar ki kashe waya ki jefa a jaka. Kika kuskura kika taɓa ta a gidan nan, sun kore mu. In suka kore mu, ni kuma na kore ki. Kin dai san bizarki a hannun wa take." Na sani mana. Kamfani ne ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, in aiki ya tafi, zaman ya tafi.

To ga tsohuwa tana neman faɗowa daga kujera, wayata kuma tana can ƙasan jaka a kashe. Na zazzage jakar a ƙasa, na danna, na tsaya ina kallon allon yana ta wasa kafin ya tashi. Wallahi wannan jiran shi ne abin da har yau ba na iya yafewa. Na kira motar asibiti, sannan na fita titi ba takalmi ina ihu.

Wani maƙwabci yana dawowa daga wurin ibadarsu, da doguwar baƙar riga da hular gashi. Na zaci zai kauce min. Sai mutumin nan ya zaro rediyon hannu daga aljihu ya yi magana, ya shige gidan da gudu. Ashe yana cikin 'yan agajin unguwar. Kafin in dawo hayyacina wasu biyu sun iso a mota, su ma da shigarsu ta ibada. A mota fa, ranar Asabar! Aka kira Leah, 'yar Bubbe, daga layin baya, ta shiga motar asibiti, ni ma aka ce in biyo.

Dokar aiki ce in an kai wanda kake kula da shi asibiti ka sanar da ofis. Na kira Anti Rabi daga barandar asibitin. Ba ta ma tambayi ko tsohuwar tana numfashi ba.

"Da wace waya kika kira?"

"Da tawa, Anti."

"A cikin gidan? Ke wace irin 'yar ƙauye ce? Me na ce miki?"

"Anti, mutuwa za ta yi!"

"Ai da sai ki fita waje ki nemi wani. An yi cancel ɗin duk shift ɗinki. Ranar Litinin ki zo ofis, ki zo da katin aikinki."

Na zauna a kujerar roba. Ina tuna ɗakina na Edmonton, ina tuna yadda zan gaya wa Mama an koro ni. Leah ta wuce ni ta sake wucewa ba ta ce min uffan ba, na ce shi ke nan, fushi take yi. Haka na yini, ko ruwa na kasa sha.

Lokacin sanyi ne, duhu na saurin yi. Bayan magariba Leah ta leƙa taga ta ga duhu ya yi, ta yi wata 'yar gajeruwar addu'a, ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce likita ya ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa, amma an kawo ta da wuri, har ta fara matsa hannu. Ni kuma sai na hau ba ta haƙuri a kan wayar.

Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta ce, "Wa ya gaya miki wannan? Hutun Asabar a kanmu yake, ba a kanki ba. Kuma mu ma in rai na cikin haɗari, dole ne mu ajiye shi. Wanda ya tsaya tambaya ma laifi ya yi. Ba ki ga maƙwabcinmu da rediyo ba?"

A nan ne tsorona ya koma fushi. Wato dokar da ta sa wayata take kashe ba ta Yahudawa ba ce, ta Anti Rabi ce. Ba ta taɓa zama da iyalin nan ta tambaye su ba, ta ƙirƙiro abinta don tsoron rasa gida ɗaya, ta ɗora a kan ran tsohuwa da kuma wuyana. Ku da za a tura irin waɗannan gidaje, ku tambayi masu gidan da bakinku me ya halatta, me ya haramta. Za su faɗa muku, har su ji daɗi kun tambaya.

Hutun Asabar ya riga ya ƙare, don haka Leah ta ari wayata ta kira ofis. Ina jin muryar Anti Rabi ta koma siririya, "Yes madam, of course madam." Leah ta ce ko dai ni zan ci gaba da zuwa, ko kuma kada kamfanin ya sake turo kowa.

Ta miƙo min wayar wajen ƙarfe shida, ta ce, "Babu mai korarki. Je ki nemi takalmi ki sa, ƙafarki ta yi sanyi."