Ranar da Baba Ya Kira Gidan Rediyo

Babana ba mai ɗaga murya ba ne. Ya koyar a firamare har ya yi ritaya, kuma tsofaffin ɗalibansa a Samaru sukan ce ba su taɓa jin ya daka wa yaro tsawa ba. Sau ɗaya na ga fushi ya fi ƙarfinsa, a shekarar da hannun jarin bankuna ya faɗi.

Lokacin ina gida, na gama karatu na soma koyarwa ni ma. Kafin faɗuwar babu zancen da ake yi sai na hannun jari. Samarin banki masu kwat suna bin makarantu da ofisoshi suna cewa duk wanda ya saya bana, baɗi zai ga ninki. Direbobi sun saya, masu tireda sun saya, malaman jami'a ma sun saya. Baba ya zuba mafi yawan garatutinsa, Mama ta ƙara masa da kuɗin adashenta. Niyyarsu su gina ɗakuna a bayan gida su ba ɗalibai haya.

Amininsa ma ya saya. Dattijon coci ne a Dogarawa, tare suka yi kwalejin horon malamai. Baba yana kiransa Dattijo, shi yana ce wa Baba Malam, mu kuwa Baban Dogarawa muke ce masa. Duk Asabar da hantsi yakan zo a kan tsohon babur ɗinsa, su zauna a gindin mangwaron gidanmu, Mama ta kawo musu dambu. Abu ɗaya ne bai taɓa haɗa su ba, wato siyasa. Baba ya zaɓi jam'iyyar da ke mulki, Baban Dogarawa kuwa bai taɓa ba ta ƙuri'arsa ba.

Da farashi ya soma sauka Baba ya ce zai tashi. Bai tashi ba. Ana nan sai aka sanar cewa wasu bankuna na gab da durƙushewa, an sauke shugabanninsu, kuma za a zuba musu maƙudan kuɗi don a cece su. Wanda ya ajiye kuɗi a asusu zai samu abinsa. Wanda ya sayi hannun jari kuwa babu wanda ya ambace shi.

Gari ya ɗauki zafi. Na tuna wata rana na shiga bas daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari, tun kafin mu kai Kwangila motar ta kaure da musu. Wani ya ce laifin gwamnati ne, wani ya ce Turawa ne suka ɓata kasuwarsu ta shafe mu, direba ya ce a ɗaure manyan bankin kawai. Wata mai sayar da tumatir da ke kusa da ni ta ce, "Ni da kwandona ya ruɓe makon jiya, wa ya cece ni?" Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

A gida Mama ta samo nata maganin. Da zarar mai kwat ya bayyana a talabijin yana bayani, sai ta tashi ta kashe, ta yafa wa talabijin ɗin zani.

Asabar ɗin da ta biyo baya ce abin ya ɓaci tsakanin tsofaffin nan. Ina wanke-wanke ina jin su.

"Malam, mutanenka ne," in ji Baban Dogarawa. "Suna gani ana ɓarna suka yi shiru. Yanzu kuma da kuɗinmu za su biya wa ɓarayi."

"In ba a cece su ba, albashin mutane da ke ciki fa?" in ji Baba. "Masu bankin ne azzalumai, Dattijo. Gwamnati gyara take yi."

"Gyara? Kai dai ba ka son a taɓa su ne saboda kai ka dangwala musu."

Baba ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba sai ranar. Ya ce, "To ni na kashe bankin. Ka je ka faɗa wa duniya."

Baban Dogarawa ya ajiye cokali, ya buga babur ɗinsa ya tafi, dambunsa ko rabi bai ci ba. Asabar ta zo bai zo ba, ta gaba ma haka. Baba yakan fito da tabarma ya shimfiɗa, ya zauna shi kaɗai da rediyonsa. Mama ta ce ya kira shi mana, ya ce shi ba shi da abin faɗa.

Akwai wani shiri da ake yi da la'asar a wani gidan rediyo na Kaduna, inda masu sauraro ke bugo waya su faɗi albarkacin bakinsu. Baba ba ya barin shirin ya wuce shi. Wata rana ya ce mana zai kira. Ya kwashe kwanaki yana shiri. Ina jin sa yana zagaye tsakar gida yana gwada maganarsa, har da nuna yatsa. Abin da ya ba ni mamaki, yawancin abin da yake faɗa maganganun Baban Dogarawa ne. Na ce, "Baba, ai wannan gwamnati kake zaga." Ya ce, "Ke dai ki saurara ranar."

Ranar ta zo. Ya yi ta bugawa layi a cike, can sai aka ɗauka. Muka ji muryarsa ta fito a rediyo, Mama ta dafe ƙirji.

Sai Baba ya soma gaisuwa. Ya gaida mai gabatarwa, ya tambaye shi iyali da gajiya. Ya gaida baƙon da aka gayyato shirin, ya yi masa barka da zuwa. Ya gaida masu sauraro na gida da na waje. Mai gabatarwa ya ce, "Baba, a tafi kai tsaye, lokaci." Baba ya gyara murya ya ce, "To, tambayata ita ce, an ceci banki, mu kuma da muka..."

Katinsa ya ƙare.

Ya tsaya yana kallon wayar. Mama ta toshe baki da gefen zaninta, ni na gudu kicin. Da ya ji muna ƙyaƙyatawa sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Kafin magariba muka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Baban Dogarawa ne, ranar kuma ba Asabar ba ce. Ya yi sallama, Baba ya fito fuska a ɗaure. Baban Dogarawa ya zaro katin waya daga aljihu ya miƙa masa.

"Malam, ga shi ka ƙarasa. Duk Sabon Gari mun ji gaisuwa, tambaya muke jira."

Baba ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, bai iya ba. Suka yi dariya har Baban Dogarawa yana share hawaye da hularsa. Mama ta leƙo ta ce yau babu dambu, sai dai tuwon jiya da ta ɗumama. Suka cinye shi tas.

Hannun jarin bai farfaɗo ba. Ba a gina ɗakunan haya ba, gyaɗa Mama ta riƙa shukawa a wurin. Babu kuma wanda ya sauya ra'ayinsa na siyasa a cikinsu, musun ya ci gaba, sai dai a zaune.

Mako na gaba suka haɗu don su kira shirin tare. Sun yi shawara cewa Baban Dogarawa zai riƙe wayar, kuma gaisuwa ɗaya tak aka yarje wa Baba. Suka yi ta bugawa har shirin ya ƙare, layi bai shiga ba. Baba ya ce ai an gane lambarsa ne, tsoron tambayarsa suke ji. Baban Dogarawa ya ce tabbas haka ne, ya juyo ya ƙifta min ido.