Almakashin Gwaggo Tela a Bakin Famfo

Ku matso in ba ku labarin Gwaggo Tela, matar da ta tsufa a bakin keken ɗinki har gwiwoyinta suka koyi kuka irin na keken. Tun tana budurwa take ɗinki, kuma ba ta taɓa yar da ƙyalle ba. Buhu-buhu suke a ƙarƙashin gado, har mijinta, tsohon direba, yakan ce wata rana ƙyallayen nan za su ba su notis su tashi. Ƙofarta tana kallon famfon tsakar gida, a wani gidan haya mai tanki ɗaya a kan rufi, don haka ko kofi aka tara, a idonta ne.

Shekarar da fari ya yi tsanani, ruwan gari ya ɗauke, sai motar ruwa ke zuwa jefi-jefi ta cika tankin. Mai gidan hayar ya tara su, ya ɗaga wani ƙaton kwaɗo.

"Tankin nan ya sake ƙarewa kafin mota ta dawo, na kulle famfo. Kowa ya nufi burtsatsen bayan kasuwa."

Gwaggo ta dubi gwiwoyinta. Burtsatsen nan a kan tudu yake, ko hannu rabbana ba ta iya hawa, balle da bokiti.

Abin haushin, kowa a gidan rantsuwa yake shi ba ya ɓarna, maƙwabcinsa ne. Sai Gwaggo ta jawo buhu. Ta rataya wa kowane ɗaki zirin ƙyalle a igiyar shanya, kowa da launinsa, ta ce duk bokitin da aka ɗiba za ta ƙara wa zirin mai shi taƙi guda. Mai ɓarna zai ga tsawon ɓarnarsa yana lilo a iska, kunya ta kama shi.

Kuskurenta ɗaya, ƙyallayen sun yi kyau da yawa. Na matar mahauci leshi ne mai walƙiya, na matar makaniki kuwa ruwan hoda mai furanni. Kafin a ce me, matar mahauci ta tsaya a gindin igiya tana riƙe da ƙugu.

"Ƙawata, naki har yanzu bai wuce gwiwa ba? Nawa ya kusa sharar ƙasa."

"Ki bari in gama wankin labule, za ki gani," in ji matar makaniki.

Ranar an wanke labulayen da ba su yi datti ba, an wanke tabarma, har kyanwar gidan sai da ta gudu. Gwaggo tana ta ɗinka ƙari, tanki yana ta yin ƙasa. Mijinta ya yi dariya har hularsa ta faɗo.

"Gwaggon yara, kin buɗe gasar ƙarar da ruwa, har da kyauta."

"Malam, ka ci gaba da dariya. Kai za ka goya ni zuwa burtsatse."

Dariyar ta tsaya cak. Ita kuwa ta zuba wa igiyar ido, can sai ta fashe da tata. Tunda mutanen nan tsawo suke so, to a ba su tsawo tun farko.

Washegari ta sauke komai, ta rataya wa kowane ɗaki sabon ziri, dogo har ƙasa, duka kai ɗaya. Ta ɗauko babban almakashinta ta zauna kusa da famfo.

"Kowane bokiti, taƙi guda zan datse. Abin da ya rage ranar da mota ta zo, shi zan ɗinka wa mai shi ɗankwali. Kyauta."

Matar mahauci ta tara bokiti, almakashi ya ce ƙyas, leshi ya faɗi ƙasa. Ta dafe ƙirji.

"Haba Gwaggo, rabi fa na ɗiba."

"To rabin taƙi ne, 'yata. Ga sauran na manna miki da fil."

Daga nan gida ya rikice ta wata fuskar. Ruwan ɗaurayar kaya ya koma na goge ɗaki, na goge ɗaki ya koma na banɗaki. Makaniki da kansa ya ɗaure bakin famfon da ya daɗe yana ɗiga, don matarsa ta ce kada a datse ɗigon a zirinta. Duk wanda ya fito da safe, igiya yake fara gaisarwa.

Ziri ɗaya ne yake ta guntulewa: na Gwaggo. Malam mutum ne mai wanka kamar yana wanke tirela, ita kuma ba ta saurara wa nata ƙyallen ba, a gaban kowa take datsewa tana harararsa.

Ranar da hon ɗin motar ya karaɗe layi, mai gidan hayar ya hau tsani ya ƙwanƙwasa cikin tankin. Bai yi ƙarar wofi ba. Ya sauko, ya jefa kwaɗon a aljihu, ya ce a ɗinka masa hula in akwai saura.

Matan suka sami ɗankwalayensu, na matar makaniki har da jela a baya. Abin da ya rage na Gwaggo bai kai tafin hannu ba. Ta kalmashe bakinsa ta miƙa wa Malam.

"Ga tawul ɗinka. Daga yau wankanka daidai shi."

Sannan ta ɗauki bokiti, ta taka a hankali zuwa famfon da ke bakin ƙofarta, gwiwoyi suna ta waƙarsu.