Baba, Wanda Na Raba Da Mujahid

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Da hantsin Alhamis, sha takwas ga Rajab 1444, daidai da tara ga Fabrairun 2023, Allah Ya karɓi ran mahaifina, Ustaz Abdussalami Sambo, lauya, a gidansa da ke Mai Wurno. Ciwon zuciya ne ya daɗe yana fama da shi, bai yarda ya kwanta ba sai a makon ƙarshe. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Ni ne Ayman, ɗansa namiji guda ɗaya.

Baba, mutane da yawa sun yi magana a kanka tun da ka tafi, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni ma zan faɗi tawa, ko da ba ta yi daɗin ji kamar tasu ba.

Ranar jana'izarka, motoci sun cika bakin kasuwa. An zo daga Sinja, an zo daga Abu Na'ama, an zo daga ƙauyukan Jazira masu nisa. Da aka ɗago ka a kan angarib, gadon igiyar nan da kake kishingiɗa a kai da rana, na matsa in sa kafaɗata. Wani dattijo da ban taɓa gani ba ya ture ni yana kuka, yana cewa a bar shi ya ɗauki ubansa. Na koma ta baya, wasu samari suka riga ni. Har muka isa maƙabarta ban samu wuri ba, sai gefen mayafi na riƙe. Ina tafiya ina kallon waɗannan baƙin, ina jin wani abu yana cin ƙirjina wanda ba baƙin cikin rashi kaɗai ba ne. Kishi ne, kuma na san shi, don ya kai shekara huɗu yana tare da ni.

Ya fara ne da Mujahid, ɗan Inna Sabuwa mai sayar da kisra, siririyar wainar dawa, a unguwar gabas. Sa'ana ne, tare muka yi firamare kafin ya bari ya kama tuƙin raksha, keken haya mai ƙafa uku. Wata rana da azahar, lokacin cire albasa, ya ɗauko wasu mata fasinjoji daga kasuwa, 'yan sanda suka tsayar da shi a wani shinge a kan hanyar Sennar. Aka yi gardama a kan takardun raksha. Ya sauko, ya juya zai ɗauko su a ƙarƙashin kujera, ɗaya daga cikinsu ya harbe shi. Babu komai a hannunsa. Kafin gawarsa ta iso gida, labari ya riga ya bazu cewa wuƙa ya zaro.

Ba ka taɓa sanin sunansa ba kafin wannan rana, Baba. Amma kai ne ka je gidan, ka tarar an yi masa wanka ana shirin fita da shi, ka tsaya a bakin ƙofa ka ce kada a binne shi sai likita ya duba inda harsashi ya shiga. Dattawa suka fusata, suka ce ba a jinkirta gawa. Liman da kansa ya kama hannunka yana ba ka baki. Ba ka yi musu da kowa ba. Ka durƙusa a gaban uwarsa, wadda ko ganin gabanta ba ta yi, ka ce:

"Sabuwa, in aka rufe wanga yaro yau, an rufe shi da sunan mai wuƙa, kuma haka za a riƙa kiran shi har abada. Ba ni shi kwana ɗaya."

Ta ba ka. Kai ka zauna kusa da gawar a bayan mota har Sennar. Likita ya tabbatar cewa ta baya aka harbe shi.

Da gari ya ƙi lafawa, hukuma ta kafa lajna, kwamitin bincike, aka sa jami'an 'yan sanda a ciki, da mai gabatar da ƙara, da mutum ɗaya daga cikin jama'ar gari. Kai aka zaɓa. Ina tuna yadda kake dawowa daga zamansu ka ƙi cin abinci, kana ce wa Inna, mahaifiyata, ba a taɓa yin bincike na gaskiya ba alhali wanda ake zargi yana zaune a kujerar mai tambaya. A ƙarshe suka rubuta cewa harbin gargaɗi ne ya kauce. Kowa ya sa hannu sai kai. Ɗaya daga cikinsu ya ce maka, a gaban mutane, wai ku Fallata, waɗanda kakanninku suka yi hijira daga yamma, baƙi ne, ku gode da aka saurare ku ma. Ka amsa masa da Larabcin da ya fi nasa tsabta cewa kakanka yana kwance a ƙasar Mai Wurno, in yana so ka raka shi ya gaishe shi. Ka tashi ka fito.

Daga nan ka ɗauki shari'ar a kanka. Matan da ke cikin raksha sun ga komai, amma mazajensu sun hana su magana, don tsoro. Ka riƙa bi gida gida, kana zama da mazan a ƙarƙashin rumfa kuna shan gahawar da ake kira jabana, kuna hirar ruwan kogi da tsutsar auduga, ba ka matsa wa kowa ba, har ɗaya bayan ɗaya suka ce matansu su je su faɗi abin da suka gani. An fasa gilashin ofishinka na Sinja. Waɗanda suka saba kawo maka aiki suka janye. Ba ka taɓa kawo ƙorafin wannan gida ba.

Abin da ba a faɗa a wurin makoki shi ne abin da ya rage mana mu a gida. Ranar Juma'a, wadda a da muke cin abinci tare da kai bayan masallaci, ta koma ta Inna Sabuwa. Can kake zuwa ka ci kisrarta, ka gaya mata inda aka kwana. Ka san tabon da ke ƙafar Mujahid da yadda ya same shi. Ka san waƙoƙin da yake sakawa a raksha. Ni kuwa na gama karatun haɗa magunguna a Madani, ka gabatar da ni ga wani abokinka a matsayin mai karatun noma. A kotu, ina zaune a baya, na ji ka ce "ɗana Mujahid" da wata murya mai taushi da ban san kana da ita ba.

Sai ranar ɗaurin aurena da Samira. Ta zo daidai da ranar da za a yanke ko za a cire wa ɗan sandan kariyar da doka ta ba shi, don sai an cire ta ake iya gurfanar da shi. Ka wakilta ƙaninka, Baffa Salih, ka hau motar Sinja tun da safe. An ɗaura aure ba ka nan. Gab da magariba ka shigo rumfar biki da ƙura har a gira, ka wuce ni ina tsaye cikin farar jallabiya, ka ɗaga hannu ka ce an cire kariyar. Matan da ke cikin gida suka ɗauki guɗa. Ban ji an yi mini irinta ba da aka shafa fatiha. Maza suka bar ni suka kewaye ka. Na ga Samira ta ɗaga lulluɓi tana neman sanin abin da ya faru.

Bayan 'yan kwanaki na same ka kana alwala, na tambaye ka ko sai an harbe ni kafin in zama ɗanka. Ka gama wanke ƙafarka. Sannan ka ce:

"Kai kana da bakin da za ka faɗa mini wanga magana, kuma ka faɗa, na ji. Shi fa, wa zai faɗa wa? Yi haƙuri da ni, Ayman. In an gama, zan zamna."

Ba a gama ba. Labarin Mujahid ya kai wurare, iyaye suka fara zuwa. Wani manomi daga Abu Na'ama da aka kashe masa ƙane a wurin rabon ruwa. Wata mata daga Jazira da mijinta ya shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarsa aka fito da shi a kwance. Suna kwana a zaurenmu, Inna tana dafa musu. Ka rubuta wa duk wanda zai karanta cewa a kafa masu bincike da ba sa sanye da kaki, a kuma wajabta duba gawa kafin a binne. Wasu shari'un sun mutu a hanya. Ta Mujahid ta kai gaban alƙali, shaidu sun yi magana, saura hukunci. A nan jikinka ya ƙi.

A makon da ka kwanta, ni nake auna maka magani, ni nake juya ka. Na ɗauka wannan makon nawa ne. Da safiyar Alhamis ka buɗe ido ka ce a kira Sabuwa. Ta zo, ka gaya mata sunan lauyan da zai ci gaba, ka ce kada ta yarda a sasanta a bayan kotu sai in ita ce ta so. Bayan haka sai kalmar shahada. Ina riƙe da hannunka, amma ita ka yi wa magana.

A rana ta uku da rasuwarka, mutane sun ragu, Inna Sabuwa ta aika a kira ni ɓangaren mata. Ta tambaye ni wa zai kai ta Sinja ranar hukunci. Na ce ni zan kai ta, kuma zan kai ta. Sai ta riƙe gefen rigata ta ce:

"Ka san mi babanka ke faɗi a mota? Daga nan har Sinja, zancenka ne. Ayman ya ci jarrabawa, Ayman ba ya ƙarya, Ayman ya fi ni haƙuri. Har direbobi sun san sunanka. Ranar aurenka, a bakin kotu ya zamna yana share hawaye da rawani, ya ce kada in gaya wa kowa."

Ta faɗa ne don ta sanyaya mini zuciya, Allah Ya saka mata. Na yi godiya na fito. Amma Baba, ko wannan ma ita ka bai wa. Na shekara talatin ina jiran in ji ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi daga bakinka, ashe kana da su da yawa, kana rabar da su a cikin motar haya.

Ban ce ka yi kuskure ba. Da za a mayar da mu wancan yammaci, ni da kaina zan ce ka tsaya a bakin ƙofar gidan su Mujahid. Ina alfahari da kai fiye da yadda waɗanda suka ture ni za su iya. Abin da ya rage mini kawai shi ne ina ma na sami ƙari.

Ya Allah, ga bawanKa Abdussalami ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka tsaya masa kamar yadda ya tsaya wa waɗanda ba su da mai tsaya musu. Ka bayyana gaskiya a shari'ar da ya bari, Ka tsare rayukan bayinKa daga hannun waɗanda aka ba amanar tsare su. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, Hajja Ruqayya, wadda ta yi haƙurin da ya fi nawa ba ta taɓa furtawa ba, da ƙannena Nasiba da Habiba, da Baffa Salih, da jama'ar Mai Wurno. Ina miƙa ta ga Inna Sabuwa da duk iyayen da suka kwana a zaurenmu, don su ma uba suka rasa, ko da zuciyata tana jinkirin yarda.

Allah Ya jiƙan Mujahid, Ya haɗa ku a Aljanna. Na san can ma ya riga ni zama kusa da kai. Idan nawa lokacin ya zo, Baba, ina roƙon Allah Ya sa in cika da imani in same ku, kai kuma ka rage mini wuri a gefenka. Amin.